Bukkar Agana

Shafi na 19

Masu zagin Inna Kaltume a ƙasan shafin jiya, duk na ga saƙonninku, har da wadda ta ce in kashe tsohuwar kowa ya huta. Allah ya shirye ki. Ku ɗan riƙe bakinku tukuna, ku karanta wannan.

*

Mai babur ya tsaya a bakin kwari ya ce nan ne iyakarsa, ruwan jiya ya cinye hanya. Hajiya Zulaihatu ba ta saurari ƙarshen maganarsa ba. Ta sallame shi, ta tuɓe takalma ta riƙe a hannu, ta tattare zani ta faɗa cikin taɓo. Mace mai shekara sittin da uku, mai ciwon gwiwa, wadda ko matakalar asibiti sai an kama mata hannu take hawa, yau ita ce ke ratsa gonakin gero kamar an biyo ta, ganye na yankar mata fuska ba ta ko ji.

Tun daga tashar Ɗambatta magana ɗaya ke yi mata yawo a ka, wadda Aina'u matar ƙanenta ta faɗa mata a waya da hantsi:

"Yaya, Inna ta faɗi jiya a bakin murhu. Ɓarin dama ya shanye, harshen ma ya tafi. In za ki zo, ki zo yau."

Shekara bakwai rabonta da Kukar Jaji. Shekara bakwai rabonta da ganin matar da ta haife ta.

"Ya Allah kar ka ɗauke ta kafin in isa," take ta faɗa tana haki. "Ta ce ta yafe min kawai. Ban roƙi komai ba bayan wannan."

Ana kiran la'asar ta iso ƙofar gida. Mazan da ke zaman jiran tsammani sun tashi sun nufi masallaci, saura mutum ɗaya a bakin zaure, ya harɗe hannu a ƙirji. Iliyasu ne, ƙanenta, idanunsa jawur.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Wa ake nema?"

"Iliyasu, ba ni hanya."

"Na ce wa ake nema, Hajiya? In Goggo Falta ce, tana ɗakinta, lafiyarta ƙalau. Ai ita ce uwarki. Da bakinki kika faɗa, a gaban mutum ya fi ɗari."

"Don girman Allah..."

"Yau kika tuna? Ranar da kika tsaya a tsakar gidanki kika nuna tsohuwar nan da yatsa, ba ki tuna ba?"

Ta runtse ido. Ba ƙarya ya yi mata ba, shi ya sa maganar ta yi zafi.

Ranar sadakar ukun ɗanta Ridwan ce, wanda mota ta buge a hanyar Dawanau. Inna Kaltume ta zo daga ƙauye ta yi kwana uku a gidan, ta yi wa kowa gaisuwa har maƙwabta, amma ko sau ɗaya ba ta dubi Zulaihatu ta ce mata ya haƙuri ba. Da za ta tafi sai ta juya wajen Goggo Falta ta ce, "Ki ce wa mutanen gidan Allah ya ba su dangana." Nan fa abin da Zulaihatu ta yi shekara hamsin tana haɗiyewa ya fashe.

"Mutanen gidan? Ni ce mutanen gidan? Ɗana ya mutu, ko yau ba za ki iya kallon idona ba? To kowa ya shaida, ni ba ni da uwa sai Goggo. Wadda ta bari aka kai ni bukkar agana ta koma ɗaki ta yi zamanta, ba uwata ba ce!"

Tsohuwar ta ɗauki ƙullin kayanta ta fita, kuma ganin ƙarshe ke nan.

Zulaihatu ta saki takalman, ta durƙusa a cikin taɓon ƙofar gida.

"Ga ni a ƙasa, Iliyasu. Ni da na goye ka. Ka zage ni, ka mare ni in ka ga dama, amma ka bari in shiga. In ta tafi da fushina a ranta, ina zan sa kaina? Ni ma fa na kusa. Da wane ido zan tashi gobe kiyama?"

Bai matsa ba.

"Hanya ta yanke, mota ba ta shigowa. Ma'aikacin asibiti da ƙafa ya zo, ya duba ta ya ce mu yi ta addu'a. Numfashinta sama-sama yake, Yaya. Ganinki kaɗai zai iya ƙarasa ta. Ba zan bari ba."

"Kauce mata."

Daga cikin zaure muryar ta fito, tare da ƙarar sanda. Goggo Falta ce, ƙanwar babansu, ta tsufa ta ranƙwafa, haƙorin Makka na ƙyalli a bakinta.

"Goggo, kin san fa abin da..."

"Na ce kauce mata, Iliyasu. Za ta shiga. Amma ba ɗakin Kaltume za ta fara shiga ba, nawa za ta fara."

Zulaihatu ta miƙe da ƙyar.

"Goggo, babu lokaci!"

"Na sani. Ni ma ba ni da shi. Shekara hamsin da bakwai ina cewa gobe."

*

Goggo ta saki asabari, ta nuna mata bakin gado.

"Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Tana can tana jan numfashi, ke kina cewa in zauna?"

"Yafiya kika zo nema?"

"Eh."

"Yafiyar me? Ke da ba ki ma san girman laifinki ba. In kika shiga haka, rabi za ki roƙa ki bar rabi. Zauna, Zulai."

Ba ta taɓa jin irin wannan murya a bakin Goggo ba. Ta zauna, ƙafafunta na ɗigar da taɓo a kan tabarma.

"Me kike tunawa na shekarar agana?"

Me za ta manta? Tabon na nan a fuskarta, kullum ta gan shi a madubi.

Kukar Jaji ta wancan lokacin ba irin ta yau ba ce. Babu hanya, babu makaranta, rediyo ɗaya ce a garin kaf, ita ma a gidan mai unguwa, asibiti kuwa sai an yi yini guda a kan jaki. Zulaihatu 'yar fari ce, kuma a ƙauyen nan macen da ta san mutuncinta ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, haka aka gada. Ana yaye ta aka miƙa ta ga Falta, wadda Allah bai ba haihuwa ba, aurenta ya mutu ta dawo gidan yayanta. Gida ɗaya suke, ɗaki na kallon ɗaki.

Sauran mata ma suna kunyar 'ya'yan fari, amma ta Kaltume ta fi ta kowa. Ranar da Zulaihatu ta faɗi a kan turmi goshinta ya fashe, uwar tana zaune tana tankaɗe, ko rariya ba ta ajiye ba, sai cewa ta yi, "Falta, 'yarki ta faɗi." Jajibirin sallah takan yi wa yaran gidan kitso ɗaya bayan ɗaya, ban da kai ɗaya. Zulaihatu takan tsaya a bayan rumbu tana leƙe, tana jiran a ce ke ma zo, har layi ya ƙare a ɗauke kibiya.

Tana da shekara shida agana ta shigo garin da bazara. Duk wanda ƙuraje suka feso wa, sai a kai shi bayan gari, can gindin kuka, a kafa masa bukkar kara, a bar shi da mai jinya mutum ɗaya. Abinci daga nesa ake ajiyewa a kan dutse, a ƙwanƙwasa ƙwarya a juya da sauri.

"Ina tunawa da komai, Goggo. Idona ya kumbura ya rufe, ban ga komai ba. Kwana goma sha tara kika yi da ni. Ba ki taɓa yin magana ba, daga baya kika ce min wai an hana mai jinyar agana magana. In na yi kuka sai ki saƙala yatsanki a nawa ki matsa sau biyu, in san kina nan. Bakina duk gyambo, ko kunu ba ya wucewa, sai madarar akuya kike ɗiga min da ludayi, mai ɗumi. Ranar da idona ya buɗe, fuskarki na fara gani. Na sha faɗa a gaban kowa. Yanzu in tafi?"

"Wace akuya?"

"Na'am?"

"Na ce wace akuya, Zulai? Kin yi boko, kin koyar da 'ya'yan mutane shekara talatin da biyar. Wa zai kai akuyarsa bukkar agana? Kin taɓa jin kukanta ko sau ɗaya?"



Goggo ta dafa ƙirjinta.

"Ni kuwa kin san ban taɓa haihuwa ba. Ƙirjin nan bai taɓa kawo ruwa ba."

"Goggo... me kike son faɗa min?"

"Ba ni ba ce."

"Ba ke ba ce me?"

"Ba ni ce a bukkar ba."

Zulaihatu ta kama ƙarfen gado da hannu biyu.

"Ni aka ce in je," in ji Goggo, idonta a ƙasa. "Ni ce mai riƙonki, haƙƙina ne. Na ɗaure kayana, na kai bakin zaure, na hango bukkokin, na tuna gawa biyu da aka fitar da safe. Na zube a ƙasa ina kuka, na ce wallahi ba zan iya ba. Kakarki ta zage ni tas, ban tashi ba. Babanki kuwa ya tafi cin rani, babu namiji a gidan. Ke kina kwance a tsakar gida kina kiran ruwa."

"Sai aka yi yaya?"

"Kaltume tana ɗaki tana ba ƙanenki Abdussalam nono. Watansa huɗu. Ta fito ta ɗora min shi a cinya, ta zare mayafina ta lulluɓa har ido, ta ɗauki ƙullin kayana, ta goye ki ta fice. Duk wanda ya gan ta a hanya cewa ya yi Falta ce."

"A'a."

"Ita ce."

"A'a, Goggo! Matar da ko sunana ba ta taɓa faɗa ba? Matar da jini na zuba a goshina ba ta ajiye rariya ba?"

"Ranar ma, bayan kin yi barci, wa kike tsammani ya zo ya ƙona tsumma ya danna miki a ciwon? Ni ko jinin kaza ba na iya kallo."

Zulaihatu ta kai hannu goshinta, ta taɓa tsohon tabon.

"Abdussalam fa? An ce min agana ce ta kashe shi."

Goggo ta girgiza kai.

"Ba agana ba ce. Yunwa ce."

"Innalillahi..."

"Wanda ya shiga bukka ba ya dawowa cikin gida sai ciwo ya wuce. Ni na ɓuya a ɗakin Kaltume da jaririn, aka saki labule, aka ce tana fama da zazzaɓi. Kakarki ta ce kar wanda ya ji, in ba haka ba gari zai ɗauka: ni a ce matsoraciya ta gudu ta bar 'yar riƙonta, ita a ce marar kunya ta bi 'yar fari har daji. Akwai masu goyo uku a unguwar nan, Zulai. Uku! Kowacce za ta shayar da shi in an roƙe ta. Ba mu roƙa ba. Don in muka kai shi, za a ce ina uwarsa."

"Saboda kar a yi magana?"

"Saboda kar a yi magana. Muna cewa gobe za ki warke ta dawo, gobe za ki warke. Muka yi ta ɗura masa ruwan kunu da madarar saniya, yana amayarwa. Kwana goma sha ɗaya ya yi. A hannun nan ya cika."

Ta ɗaga hannayen biyu.

"Nonon da ya kamata ya sha, shi take tatsa miki a ludayi."

Zulaihatu ta zame daga bakin gado ta zube a tabarma. Kuka take son yi, ya ƙi fitowa, sai wani irin sauti kawai.

"Kakarki ce ta kai abinci ranar. Ta tsaya nesa ta faɗa mata. Ta ce Kaltume ta tsaya ta ji har ƙarshe, ta cusa gefen mayafi a baki, ta sunkuya ta koma cikin bukka. Ko a ranar ba ta yarda kin ji muryarta ba."

Sai abin ya faɗo wa Zulaihatu. Akwai ranar da ta ji ruwa na ɗiga mata a fuska, ɗis, ɗis, har ta ce, "Goggo, bukka na yoyo." Da tsakar bazara, babu ko gajimare. Ba a amsa mata ba, sai yatsan nan da ya saƙalo nata ya matsa sau biyu.

"Da ƙurajen suka bushe, ta ga idonki ya fara motsi, sai ta aiko a kira ni. Muka yi musayar mayafi a bayan kuka. Ta koma ɗakin da babu jariri, ni kuma na shiga na zauna a gabanki kika buɗe ido a kaina."

Zulaihatu ta ɗago. Fuskarta ta canja.

"Na kai ki Makka, Goggo."

"Kin kai ni."

"Da kuɗin sallamata na aiki! Ban gyara rufin ɗakina ba, na ce sai na fara biyan wadda ta sayi raina da nata. Na tsaya a sansanin alhazai na rungume ki, na ce wa mutane ga uwata ta gaskiya. Tana wajen! Ta zo rakiya, tana tsaye a bayanmu tana riƙe miki buta!"

"Ita ta yi min dakan yajin guzuri ma."

"Kuma kika iya hawa jirgin?"

"Na same ta a madafa ana saura kwana uku. Na ce Kaltume, kujerar nan taki ce, bari in faɗa wa yarinyar nan gaskiya. Ta ajiye muciya ta ce, 'In kika faɗa ban yafe ba. So kike a ce na tsufa ina karɓar tukuici a hannun 'yar fari? Kuma so kike ta san ƙanenta ya tafi a dalilinta? Yarinyar nan tana da sa abu a rai, ba za ta ƙara cin abinci da daɗi ba. Je ki abinki, ki yi min addu'a a can.'"

"Wayyo Allah na."

"Na yi mata. Duk ɗawafin da na yi da sunanta na yi, ko Allah ya karɓa ko bai karɓa ba."

"Ranar rasuwar Ridwan fa? Ranar da na zage ta a gaban mutane, kina tsaye! Kina ji na ce ta bar ni a bukka! Ko a ranar ba za ki buɗe baki ba?"

"A mota muna dawowa na ce yau kam sai na faɗa, ko za ta tsine min. Ta kama hannuna ta ce, 'Bar ta. Ɗanta ya mutu, dole ta sami wanda za ta sauke wa. Gara ni, na san zafin.'"

Goggo ta share ido da bakin ɗankwali.

"Kwana ukun nan da kike cewa ba ta kula ki ba, wa kike tsammani yake dama kunun da nake kawo miki? Ta ce min in ta buɗe baki ta yi miki gaisuwa kuka za ta yi, kuma ba ta taɓa yi a gabanki ba, ba za ta fara da tsufanta ba."

Zulaihatu ta dinga buga goshinta a gefen katifa.

"Na shiga uku. Na shiga uku na lalace. Shekara bakwai! Ta aiko min da kuka da daddawa da azumi, na ce a mayar mata. Sau biyu, Goggo, na ce a mayar mata!"

"Ta karɓa ta ce wataƙila ba ki son ta bana, ba ta yi kyau ba."

Ni kaina da nake ba ku labarin nan, a nan sai da na ajiye waya na ɗan zauna.

"To me ya sa yau kika faɗa?" Zulaihatu ta tambaya, murya a dushe. "Ta ce ba ta yafe ba."

"Gara ta ƙi yafe min da in bar ki ki rabu da ita ba ki san wace ce ba. Kuma na gaji, Zulai. Haƙorin nan, kullum na taɓa shi da harshe sai in ji na sata ne."

Ta matso da sandarta, ta sunkuyo.

"Yatsan da ke matsa ki, miƙaƙƙe ne ko karkatacce?"

"Karkatacce. Ƙaramin yatsa ne, ya lanƙwashe. Na taɓa duba naki na tambaye ki, kika ce zafin ciwo ne ya ruɗa ni."

"Taɓarya ce ta karya mata shi tana amarya. Hannun hagu. Ba ki taɓa lura ba, duk sanda kika shigo waje sai ta cusa hannun nan cikin zani?"

Ta lura. Wallahi ta lura. Ita duk a zatonta ƙyamarta ake yi, kar ma ta zo gaisuwa ta kama hannun.

Daga tsakar gida aka ƙwalla kira. Aina'u ce.

"Malam! Goggo! Ku zo, numfashin Inna ya canja!"

Zulaihatu ba ta san sanda ta miƙe ba. Ta yaye asabari, sai ga Iliyasu tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu, hawaye har gemu. Ashe bai tafi masallaci ba, duk ya ji. Ya matsa gefe.

*

Ɗakin yana nan yadda ta san shi, ɗakin da tun tana yarinya iyakarta bakin ƙofa, ta miƙa kwanon tuwo ta juya. Yau ne karo na farko da ta taka har gaban gado.

Inna Kaltume ta ƙanƙance a cikin zani, bakinta ya karkace gefe, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar yana sauka.

Zulaihatu ta durƙusa. Duk tsawon rayuwarta "Innar su Iliyasu" take ce mata. Sai da ta gwada sau biyu kafin kalmar ta fito ita kaɗai.

"Inna."

Shiru.

"Inna, ni ce. Zulaihatu ce. 'Yarki."

Idon tsohuwar ya buɗe a hankali. Ya sauka a kan fuskar mai tabon agana, ya tsaya kamar ƙiftawa biyu. Sai ya kauce ya koma bango. Hannun hagu, wanda shi kaɗai ya rage mata mai motsi, ya fara jan jiki a kan katifa, yana neman bakin zani ya ɓuya.

Ko a yanzu. Ko a wannan hali.

Zulaihatu ta riga shi. Ta kama hannun da nata biyu, karo na farko da ta san ta taɓa shi. Ga shi nan. Ƙaramin yatsa, a lanƙwashe.

Kukan da ya ƙi fitowa ɗazu ya ɓalle.

"Na sani, Inna. Na san komai. Na san ludayin, na san Abdussalam, na san ba yoyo bukkar take yi ba. Kar ki yi fushi da Goggo, ni ce mai laifi. Na ce ba ke ce uwata ba. Na faɗa a gaban mutane. Na mayar miki da daddawarki. Inna, ki yafe min. Don Allah, don Annabi, kar ki tafi ki bar ni da wannan."

Leɓen tsohuwar ya motsa. Babu abin da ya fito sai iska da wani ɗan gurnani. Ta sake gwadawa, jijiyar wuyanta ta miƙe, hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunne. Harshen ya ƙi.

"Tun jiya haka take," in ji Aina'u a hankali. "Ba ya fita."

"A'a. A'a, sai ya fita. Iliyasu, kawo ruwa! A jiƙa mata baki! Goggo, ki yi mata magana, ke tana amsa miki!"

"Zulai," in ji Goggo daga bakin ƙofa, "ba da baki ta saba yi miki magana ba."

Zulaihatu ta tsaya cak. Ta dubi hannun da ke cikin nata. Sai ta share fuska da kafaɗa, ta saƙala ƙaramin yatsanta a cikin karkataccen yatsan nan, ta kai bakinta daidai kunnen uwar.

"Inna, ba sai kin yi magana ba. Ba sai kin kalle ni ba ma, ci gaba da kallon bangonki, babu wanda zai ce kin yi rashin kunya. Irin na bukka za ki yi min. In kin yafe min, ki matsa sau biyu. Sau biyu kawai, Inna, in san kina nan."

Iliyasu ya durƙusa ta wajen kai, ya fara maimaita kalmar shahada ƙasa-ƙasa. A waje yayyafi ya soma sauka a kan kwano.

Babu motsi.

"Inna..."

Sai ta ji shi. Yatsan ya lanƙwaso, ya matse nata, a raunane, amma ya matse.

"Ɗaya!" Ta ɗago tana dariya tana kuka. "Goggo, ta matsa! Wallahi ta matsa! Ɗaya ke nan, Inna. Saura ɗaya."

Ta riƙe numfashinta tana jira.

"Saura ɗaya, Inna. Don Allah, saura ɗaya."

Iliyasu ya yi shiru da shahadar, ya sunkuyo yana duban ƙirjin tsohuwar.